Igiyar da Aka Ce a Yanka

Sana'ata rigunan sanyi ce. Ina zaune a Guangzhou, garin da gumi ke bin mutum har cikin masallaci, ina sayen rigar da sai a Jos ko Mambila ko a jikin ɗan acaɓa da sassafe ake neman ta. Ba sabon yayi nake bi ba. Ragowar kamfani nake saye: wadda aka ɗinka wa wasu suka fasa karɓa, wadda launinta ya ɗan kauce, wadda aka sa shekara guda aka ajiye. In duba, in ware, in sa a gyara abin gyarawa, in tura gida. Da wannan na gina gidana, da shi na aurar da ƙannena, kuma ban taɓa jin kunyar a kira ni ɗan gwanjo ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ina ƙyamar tsohon kaya. Tsohon kaya shi ke ciyar da ni.

Kayana ba sa cika kwantena, don haka shekara da shekaru muna haɗawa da wani Badamagare. Shi ba shi da layi guda. Yau fitilu ne, gobe takalman roba, jibi injin niƙa. Mutum ne mai ido, ba na hana shi wannan. Zai shiga kasuwa ya ga abin da kowa ya tsallake, ya san ƙauyen da za a yi rububinsa. Ni Bakano, shi Badamagare, kowa ya san abin da ke tsakaninmu. Ba ya kirana sai da bawansa, ni kuma ba na kiransa sai da mai cin fara. In muka haɗu a titin Huanshi, tun daga tsallake zai fara: wai kakanninsa sun kori nawa har cikin ganuwa. Ni kuma in tambaye shi ko yau ma da Faransanci ya yi alwala. Mutane su yi ta dariya, har 'yan China masu shaguna sun saba, ko da ba su jin abin da ake faɗi.

Mai kamfanin da nake sayen riguna a wurinsa, wanda muke kira lawban kamar yadda ake kiran kowane maigida a nan, shi ya ja mu arewa. Kamfaninsa ke ɗinka wa ma'aikatan wani wurin shaƙatawa riguna, can a duwatsun da ke kusa da iyakar Mongoliya. Ya ce duk ƙarshen lokacin zafi suna kwashe sitonsu kafin ƙanƙara ta sauko, su karɓi sababbi su fitar da tsofaffi. Ya ce in zo in gani da idona, in kayan sun yi mini in ɗauka. Badamagare ya ji, ya ce ba zai bar bawansa ya yi tafiya ba mai tsaro ba. Muka tafi mu uku, jirgi, sannan wani jirgin, sannan mota mai nisa.

Mun bar Guangzhou ana tafasa. Can kuwa da muka sauka daga mota sai da na buɗe jakar samfur na zaro riga na sa. Ƙarshen Agusta ne, amma ciyawa ta fara ja, an yanke ta an tara ta dami-dami a bakin gidajen katako. Makiyayan wurin, da yawansu Musulmi ne, suna gangarowa daga tudu da dawakai da tumaki, da tantunansu a naɗe a bayan raƙumi mai tozo biyu. Motarmu ta tsaya ta jira garke ya wuce, kamar dai a hanyar Daura. A sama can, inda ido ke ƙarewa, akwai farar ƙanƙara da suka ce ba ta narkewa ko wane wata.

Mutanen wurin sana'a biyu gare su, kamar manomin da ke gama damina ya koma fadama. Da zafi suna kai baƙi hawan dutse. Da sanyi suna koya wa baƙi zamiya a kan ƙanƙara, da dogayen katakai a ƙafa. Mun same su a tsakanin biyun. Wasu na bisa turaku suna shafa wa ƙafafun ƙarfe man giris, inda kujerun da ke kai mutane sama a kan waya ke bi. Wasu na jere da katakan zamiya suna goge su da kaki. Wani tsoho ya nuna mana irin nasu na gargajiya, katako ne da aka lulluɓe da fatar ƙafar doki, gashin ya kwanta gefe guda, yana sulɓi in za a sauka, yana riƙe mutum in za a hau. Masu hawan dutse na ƙarshe kuma suna saukowa, fuskokinsu sun ƙone, leɓunansu sun tsage, suna tafiya kamar waɗanda aka yi wa duka. Na tambayi ɗaya abin da ya samo a can sama. Ya ce ba komai. Na ce to, Allah ya ƙara.

Rigunan sun yi mini. Mun gama magana da mai kula da siton, muka fito ta baya, a nan muka tarar da shugaban masu kai baƙi dutse zaune a kan kututture. Mutum ne gajere, hannunsa na hagu ba yatsu biyu, ya ce sanyi ne ya ci su. A gabansa tarin igiyoyi ne ya kai ƙugun mutum, ruwan lemo da kore da shuɗi, masu sheƙi, masu laushi kamar an saƙa su da alharini. Yana jawo ɗaya, ya auna taku biyu, ya sa wuƙa ya yanke, ya jefa gefe.

Badamagare ya tsaya cak. Ya ce da ni, "Bawa, tambayar mini wannan, aljanu ne suka taɓa shi ko gado ya ci?"

Ni ke jin yarensu daidai gwargwado, don haka na tambaya da ladabi. Mutumin ya ce igiyoyin sun gama aiki. Ya nuna mana jan tef da aka naɗe a bakin kowace, ya ce duk wadda aka sa wa wannan ba mai sake rataya a jikinta. Wata ta tare mutum da ya faɗo, wata ta gogi bakin dutse, wata rana ce ta dafa ta wata da watanni. Na ce amma ga su kamar sababbi. Sai ya ɗauki wata koriya, ya bi ta da yatsu yana lanƙwasawa, har ya zo wani wuri da ta karye kamar ganyen albasa. Ya tsaga wurin da wuƙa. Igiyar ashe riga gare ta a waje, ƙarfin kuma yana cikin fararen zaruruwa da ke ciki. Rigar lafiya lau. Zaruruwan sun tsittsinke, saura kaɗan. Ya ce wannan ya samu ne don ya san inda zai nema, akwai waɗanda shi kansa ba zai gane ba. Shi ya sa ba sa bayarwa, ba sa sayarwa, yankawa suke yi gajeru-gajeru yadda ba wanda zai yi sha'awar ɗaura ransa a kai.

Nan take na tuna gida. Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne. Kafin in san hanyar kasuwa na riƙe wa kawuna igiya a bakin rami, na san nauyin mutum a tafin hannu. Ƙanina har yau yasar rijiya yake yi a ƙauyukanmu. Igiyar da suke sauka da ita ta roba ce, shuɗiya, mai kaushi, ba ta da kyan gani. Amma in za ta mutu tana faɗa. Takan yi gashi, ta yi fari, ta fara warwarewa, mutum ya gani ya canza. Wannan ta duwatsu ba ta faɗa wa kowa.

Na fassara wa Badamagare duka, ban rage ba. Ya ɗauki ɗaya ya ja da hannu biyu, ya ɗora ƙafa ya sake ja.

Ya ce, "A Damagaram wannan sai jikoki sun gada."

Na ce, "Ka dai ji abin da ya ce."

Ya ce, "Na ji. Mai kuɗi ne ke bayanin dalilin da ya sa yake zubar da abinci."

Aka kira shugaban, wai akwai baƙin da suka makara a sama, hadari kuma yana haɗuwa. Ya miƙa wa mai kula da siton wuƙar, ya nuna masa ragowar tarin, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Mu ma muka koma masauki. Na lura Badamagare ya daɗe wajen karɓar lambar wayar mai siton, amma ɗan kasuwa da karɓar lamba ba abin tambaya ba ne.

Muka dawo Guangzhou, kowa ya shiga sabgarsa. Riguna suka iso, na sa aka wanke aka ware, aka matse su dila-dila. Da lokacin lodi ya matso na tafi siton da muke tara kaya, kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Mai siton wani dattijo ne daga zangon Kumasi, ya fi mu duka daɗewa a ƙasar nan, shi ke loda mana kwantena, kuma shi ake kai wa ƙara in an saɓa. Baba muke kiransa.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin roba. A lungun da Badamagare ke ajiye kayansa, ma'aikata biyu na zaune da kyandir. Ɗaya yana yanke bakin igiya, daidai inda jan tef yake, ɗaya yana ƙona wurin ya liƙe. Jajayen guntaye sun cika kwali. An wanke igiyoyin, an naɗe su da kyau, ana zura kowace a leda mai hoton wani Bature rataye a jikin dutse yana murmushi.

Na san fushi. Na yi faɗa da masu kamfani da suka canza mini kaya, na yi da 'yan kwastan. Wannan daban ne. Da a ce Badamagare ya kawo igiyoyin dutsen nan da jan tef ɗinsu, da na ce bai gane ba. Amma ya biya mutane su zauna su cire alamar ɗaya bayan ɗaya. Ya gane sarai.

Ya shigo yana waya da Faransanci, ya gan ni, ya washe baki. "Ga bawana ya zo gaisuwa. Durƙusa mana."

Na ce, "Wa za ka sayar wa?"

Ya ce, "Masu rijiya da masu zinare. Akwai wani dillali a Kano ya ce in kawo duka. Igiyar da Bature ke hawa dutse da ita, ka san yadda za su yi wawa."

Na ce, "Ƙanina yana cikin masu rijiyar nan."

Ya ce, "To sai in yi masa ragi, tunda ɗan bawana ne."

Ma'aikatan sito da 'yan uwanmu da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ɗaga murya, na ce wannan kisan kai ne, na kira shi azzalumi, na kira shi maras tsoron Allah. Dariyar ta ƙaru. Wani ɗan Maraɗi har da riƙe ciki, yana cewa yau Bakano ya zo da sabon salo. A nan na gane ramin da nake ciki. Shekara da shekaru ina zagin mutumin nan a gaban jama'a don nishaɗi. Na kira shi ɓarawo a kan kofin shayi, na kira shi ɗan wuta a kan kujerar mota. Yau da nake nufin kowace kalma, ba wanda ke iya bambancewa. Shi kuwa ya bambance, na gani a idonsa. Sai ya ƙara shigewa cikin wasan, don ya san nan ne ba zan iya kamo shi ba.

Na ce da Baba ina son a zauna. Ya sa mana ranar Juma'a bayan an sauko, a gidan abincin da muke cin tuwo a bayan titin Huanshi.

Muka zauna, mun kusan cika tebur biyu, don labari ya zaga cewa za a yi shari'ar Bakano da Badamagare, kowa yana son kallo. Na zo da guntun igiya ɗaya da na tsinta a sito. Na bi ta da yatsu yadda na ga an yi, na yi sa'a na sami wuri mai laushi, na tsaga a gabansu na ajiye a tsakanin kwanuka.

Na ce, "Baba, yau ba Bakano ke magana ba. Ni ne, wanda ka sani. Masu igiyar nan da kansu sun ce a yanka ta. Mai siton can ya ci amanarsu ya sayar ta bayan gida. Wannan kuma ya cire alamar, zai sayar wa mutanen da za su sauka rami da ita."

Badamagare ya ajiye cokali. Wannan karon ya yi magana ta hankali, kuma zan faɗe ta yadda ya faɗa, don ba na son in ci zalinsa ko a takarda.

Ya ce, "Baba, a tambaye shi igiyar da ƙaninsa ke sauka da ita yanzu. Ta ɗaure akuya ce. Wannan ko ta mutu rabi ta fi waccan. Su can suna da dokar da ta ce a zubar, don suna da wata a sito. Mu me muke da shi? Shi da yake sayar wa mutane rigar da wani ya gama sawa, yau shi ne mai wa'azin sabon kaya?"

Wasu suka gyaɗa kai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Wataƙila mafi yawan igiyoyin nan sun fi ta roba ƙarfi. Na ce da su haka. Amma na ce riga in ta yage, sanyi mutum zai ji, ya dawo ya zage ni. Kuma mai ta roba ya san abin da ke hannunsa, shi ya sa yake ninka ta biyu, yake duba ta kowace safiya. Wanda ya sayi wannan da hoton Bature a jiki, guda ɗaya zai ɗaura, ba zai duba ba, in ma ya duba ba abin da zai gani. Ba wanda ya san wacce ce mai ciwon a cikinsu, har shi mai sayarwar. Na ce ga hanya: a yanka su gajeru a sayar wa masu ɗaure kaya a mota da masu turke dabbobi. Zai sami kuɗinsa, riba ce kawai za ta ragu.

Badamagare ya ce, "Kun ji ko? Bakano ya ga riba a hannun ubangidansa, cikinsa ya murɗa." Ya juyo gare ni. "In kana so in sa ka a ciki, ka faɗa, ba sai ka yi mini kuka a gaban mutane ba."

Aka sake dariya, ta sauƙin rai, irin ta mutanen da aka fitar daga magana mai nauyi. Baba ma ya yi murmushi. Ya ce shi mai lodi ne, ba ya buɗe buhun kowa, in ba kayan da hukuma ta hana ba ne. Ya ce kuma tun kakanni ba a shiga tsakanin abokan wasa, wanda ya fara fushi shi ne ya faɗi, shi ke sayen goro. Ya ce a madadin goron in sayi lemo a raba, a tashi.

Wannan hukuncin ya fi maganar Badamagare ƙona mini rai. Dattijo ne mai salla, ya ga zaren a tsinke a gabansa, kusa da kwanon miyarsa. Da wani ne daban ya kawo ƙarar, da ya saurara. Amma al'ada ta ba shi ƙofar fita, ya bi ta, sauran ma suka bi shi a guje. Wasan da aka kafa don kada a zubar da jini, shi suka shimfiɗa a kan wannan.

Wani ya raɗa mini cewa in abin ya dame ni haka, in saye igiyoyin mana in ƙona. Na yi tunanin haka tun kafin ya faɗa. Amma na san mutumina. In na saya bana, baɗi mota biyu zai kawo, ya san yana da mai saye tun kafin kaya su sauka.

Na miƙe, na ce, "Baba, a fitar mini da dilolina. Kayana ba za su kwana a kwantena ɗaya da wannan ba." Na dubi Badamagare na ce, "Kai kuma daga yau ba wasa tsakanina da kai. In ka kira ni bawa, zagi ne, kuma haka zan ɗauke shi."

Nan dariya ta tsaya. Ban sayi lemon ba.

Fitar da kayan ya cuce ni, ba zan ɓoye ba. Kafin in sami wanda zan haɗa da shi, jirgi ya tafi, na bayansa ma ya tafi. Rigunana sun isa gida sanyi ya riga ya juya baya, suka kwana a sito har wata shekarar, ɓeraye suka ɗauki rabonsu.

A ranar da na bar gidan abincin na kira ƙanina. Na ɗauki igiyar a bidiyo, ina tsaga ta ina bayani da bakina, na faɗi launinta, na faɗi hoton da ke kan ledar, na ce duk wanda ya gan ta kada ya sauka da ita ko kyauta aka ba shi. Na ce ya kai wa sarkin masu haƙar rijiya na yankinmu, ya tura wa duk wanda ya sani.

Ya ce, "Yaya, ba ta da kyau ne?"

Na ce, "Ta fi duk wadda ka taɓa gani kyau. Shi ya sa nake kiranka."

Saƙon ya yi tafiya fiye da yadda na zata. Kafin kwantenar ta kai gaɓa, dillalin Kano ya ji, ya ce ya fasa. Na kuma je wurin lawban na gaya masa abin da mai siton duwatsu ya yi. Bai so ba, don ba ya son abin da zai taɓa cinikinsa, amma na ce in bai faɗa ba zan nemi lambar shugaban nan mai yatsu takwas in faɗa da kaina. Ya faɗa. Na ji an canza mai siton, kuma yanzu shugaban ba ya tashi daga kututturen sai ya ga ƙarshen tarin.

A nan Guangzhou kuwa sai na zama ni ne mai laifi. A wurinmu ba abin da ya kai ɓata wa ɗan uwa kasuwa muni. Ka yi ƙarya a kan kaya, za a ce wayo ne. Ka faɗi gaskiya a kan kayan wani, ka zama maƙiyi. Mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa. Aka daina nuna mini samfur, wai kada in ɗauki hoto. Wani malami da nake girmamawa ya tare ni a bakin masallaci ya ce arziki na Allah ne, bai kamata in tsaya a gaban rabon wani ba. Na ce, "Malam, wanda ke ƙasan rijiyar fa, shi ba shi da rabo?" Ya ce in dai yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, kamar ni aka yi wa laifin.

Badamagare bai yi asara ba. Da Kano ta rufe, sai ya karkatar da kayan daga Kwatano suka yi arewa, can cikin hamada inda ake haƙar zinare. Ba ni da kowa a can. Ƙanina ba shi da lambar kowa a can. Ramukansu kuma sun fi rijiyoyinmu zurfi nesa ba kusa ba.

Ƙanina yana nan lafiya, da shuɗiyar igiyarsa ninki biyu. Mutanen yankinmu ba wanda ya saya. Wannan na samu, kuma na gode wa Allah.

Da shekara ta zagayo, wani baƙo ya zo ofishina, ɗan Agadas, karo na farko da ya shigo ƙasar nan. Kayan masu zinare yake saye, fitilun goshi da injin jan ruwa. Wani ya ce masa na san hanyar duwatsun arewa. Ya zaro waya ya nuna mini hoton leda mai Bature yana murmushi. Ya ce wannan yake nema, bara an kawo musu, ko mako ba ta yi ba ta ƙare, har yanzu ana tambayarsa.

Na ba shi kujera, na zuba masa shayi, na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai natsuwa. Sannan na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce a cikin waɗanda suka saya, ko ya ji wanda ta tsinke da shi.

Ya ajiye kofin shayin. Ya ce, "Alhaji, can wurin kullum ana faɗawa rami. In an fito da mutum, wanka ake yi masa a binne. Ba wanda ke tambayar igiya."

Na ce ya gaya wa mutanensa in ya koma. Ya ce zai faɗa. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, a bakin ƙofa ya tambaye ni ko na san inda ofishin Badamagaren yake. Na ce na sani, amma ba a bakina zai ji ba.